Daga Kano Zuwa Kafin Hausa Cikin Tsohuwar Fijo 504

 Hutun makaranta ya ƙarato, na kuma san tuni kin fara tunanin yadda za ki yi da yara na tsawon makonni, suna kwance a falo kowa ya ƙura wa waya ido. Yau da daddare in an zuba abinci, ki gwada yi musu tambaya ɗaya: shinkafar da ke cikin kwanon nan daga ina ta fito? In amsar da kika samu ita ce "daga kanti", to wannan rubutu naki ne.

Shawarar da zan ba ki ita ce ku ɗebe su a mota ku nufi ƙasar Haɗeja, su ga ruwa da gona da mutanen da ke ciyar da mu. In kuma akwai tsohuwar Fijo 504 mai lafiya a gidan kakansu ko na wani kawu, ita za ku roƙa aro. Na san za ki ce ana zaune ƙalau me ya kai ki shiga motar da ta girme ki. Ki biyo ni tukuna.

Motar da ta goya mu

Da yawanmu a cikin Fijo aka ɗauko mu daga asibiti ranar da aka haife mu, wasu kuma a cikinta aka kai su ɗakin miji. A Faransa aka fara ƙera 504 a 1968, shekara ta zagayo ta lashe kambun motar shekara ta Turai. A 1975 aka buɗe masana'antar Peugeot a Kakuri ta Kaduna, aka ci gaba da haɗa ta a nan gida kimanin shekara talatin, har bayan da Turawan da suka ƙirƙiro ta suka daina. A wannan shekara ta 1975 ce kuma ta ci gasar tseren Safari a ƙasar Kenya, tseren da ake yi cikin laka da ƙura da duwatsu.

Abin da ya sa ta karɓu a wurinmu a fili yake. Cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ba ta tsoron rami. Ƙafafunta na shanye gargada, fasinja bai ji a ƙugunsa ba. Injinta kuwa babu kwamfuta a ciki, bakaniken ƙauye na iya buɗe shi ya gane ciwon da ido da kunne. Mai dogon bayan nan, wadda ke da layin kujeru uku, ita ta riƙe tashoshin Arewa shekara da shekaru kafin ƙananan motocin yanzu su karɓe layi.

Amfaninta ga tafiya da yara shi ne ba ta gaggawa. Yawancinsu babu na'urar sanyaya iska, dole a sauke gilas. In an sauke gilas kuwa, yaro zai ji ƙamshin ƙasa, ya ji kukan shanu, ya ji sallamar masu talla. Gilasanta manya ne, ko ɗan shekara biyar na hango waje ba tare da ya miƙe ba. Kuma duk inda kuka tsaya sai wani dattijo ya matso ya shafa jikinta ya ce shi ma ya taɓa tuƙa irinta. Daga nan hira ta ɓarke, yara na saurare.

Kafin a tayar da ita

Tsohuwar mota tsohuwa ce, kuma da rayukan 'ya'yanki za a hau titi, saboda haka kada kunya ta hana ki bincike. Ki sa maigida ya kai ta wurin bakanike mako guda kafin tafiya, ba ana gobe ba. A duba birki da man birki, a duba lagireto da robobinsa, a canja baƙin mai, a sayi fambel da fulogi na ajiya a jefa a but.

Tayoyi kuma kada a tsaya ga kallon zanensu. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna makon da shekarar da aka yi ta. In kin ga 2321, ma'anarsa mako na 23 na shekarar 2021. Motar da ta daɗe a ajiye tayarta kan yi kyau a ido alhali robar ta bushe, zafin kwalta na iya fasa ta. A duba safaya ma, da jak.

Abu biyu ne iyaye mata suka fi mantawa. Na farko salansa. In ta huje, hayaƙi kan sulalo ta ƙofar baya, daidai inda yara ke son zama, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari. Yaron da ya fara ciwon kai da jiri da barcin da ba na lafiya ba a cikin mota, a tsaya a fito da shi ya sha iska. Na biyu bel. Tsofaffin motoci da dama babu shi a kujerun baya. A sa a ɗaura kafin ranar tafiya, kuma kada a zaunar da yaro a gaba a kan cinya, ko da kuwa ya yi ta kuka. Motar nan ba ta da jakar iskar da ke tare mutum in an yi karo, don haka kariyarku ita ce bel, da tafiya a hankali, da sauka kafin magariba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, an gama kaka, ruwa ya janye daga hanyoyi. Watannin Agusta da Satumba ba na yawon buɗe ido ba ne a wannan yanki. In hazo ya sauka da safe, ku dakata har gari ya washe.

Wudil: inda za ku fara haɗuwa da kogin

Daga Kano zuwa Haɗeja kusan kilomita 200 ne, kuma hanyoyi biyu ne manya. Ku tafi ta Wudil da Gaya da Jahun da Kafin Hausa, ku dawo ta Gujungu, don yara su ga fuska biyu ta ƙasar.

In kun iso gadar Wudil, direba ya sassauta. Ki nuna musu ruwan da ke ƙasa ki ce su riƙe shi a ransu, domin shi ne abokin tafiyarku har ƙarshe. Kogin Kano da Kogin Challawa ne suka haɗe kafin Wudil, suka zama ruwan da ake kira Kogin Haɗeja. Kuna bin kwalta, shi yana bin rairayi, duk gabas kuka nufa. In ranar Juma'a ce za ku tarar da cunkoson manyan motoci, saboda ranar ce kasuwar shanu ta Wudil ke ci.

A Gaya akwai labarin da ya dace da kunnen ɗan Kano. Masana tarihi na faɗin cewa maƙeran da suka fara zama a gindin Dala suna haƙar tama daga Gaya suka taso, shi ya sa ake ce musu Abagayawa. Yaron da ya saba jin cewa komai daga birni yake fitowa, yana da kyau ya ji cewa birnin ma daga wani gari ya fito.

Jahun da jigayi

Da kun shiga jihar Jigawa, wadda aka cire daga tsohuwar jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, ƙasa za ta fara sauya kama. Tudun rairayi, sai kwari mai danshi, sai wani tudun. Waɗannan tuddai su ne jigayi, daga gare su jihar ta samo suna. A kan tudu gero da wake da riɗi da gyaɗa, a cikin kwari shinkafa da kayan lambu.

Nan ne wurin wasan gane itatuwa. Kuka, tsamiya, kanya, aduwa, giginya, sai goriba mai rassa, wadda da kabarta ake saƙa tabarmar da ke ɗakinki. Ki nuna musu gawo, ki gaya musu cewa shi da damina yake kaɗe ganye, sai rani ya yi ya yi kore shar, shi ya sa manomi ke ƙyale shi a tsakiyar gona, ba ya tare wa shuka rana.

In kuna ratsa Jahun, ki tuna da 'yan'uwanki mata. A babban asibitin garin ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun 2008, suna karɓar haihuwa mai wuya suna kuma yi wa masu yoyon fitsari aiki. Mata na zuwa daga ƙauyuka masu nisa, da yawansu a bayan irin motar da kike ciki. In 'yarki ta fara girma, wannan wuri ne mai kyau na buɗe mata zancen awo da haihuwa a asibiti.

A bara da muka yi wannan tafiya da motar kawuna, bayan mun wuce Jahun allurar zafi ta fara hawa. Kawu ya gangara gindin wata tsamiya ya kashe inji, ya ɗaga bonet, ya ce kowa ya ja baya, ba a taɓa murfin lagireto sai ya huce. Muna zaune sai ga wani dattijo ya fito daga gona da buta. Babban ɗana ya tsaya ƙerere yana kallonsa. Kawu ya ce, "Kai, haka ake yi a garinku?" Nan take yaron ya durƙusa ya ce, "Baba, ina wuni?" Dattijon ya yi dariya ya ce, "Lafiya lau ɗan samari, sannunku da hanya. Hajiya, ku matso inuwa." Kafin inji ya huce an aiko mana da fura a ƙwarya daga cikin gida. Da na miƙa kuɗi, dattijuwar da ta kawo ta ce, "Haba 'yata, baƙo ake sayar wa fura?" Minti arba'in muka yi a wurin. Har yau in aka tambayi yaran abin da suka fi tunawa, wannan zama suke fara ambata.

Kafin Hausa

Kafi a Hausar da shi ne shingen itace da ake kewaye gari da shi don tsaro, shi ya sa za ki ji garuruwa da dama da wannan suna. Kafin Hausa na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja, tare da Haɗeja da Auyo da Birniwa da Guri da Kaugama da Kirikasamma da Malam Madori.

Gari ne na manoma wanda ya zama garin ɗalibai. A 2013 gwamnatin jiha ta kafa jami'a a nan, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sule Lamido. Za ki ga amalanken shanu ɗauke da buhuna yana wucewa, ga 'yan mata da littattafai a hannu suna jiran abin hawa. Ki bar 'ya'yanki mata su kalli wannan da kyau. Ba sai an je Kano ko Zariya kaɗai ake zama ɗalibar jami'a ba.

Garin na da nasa kogin. Kafin ruwan Haɗeja ya isa birnin Haɗeja, wani reshe kan balle ya bi ta ƙasar Kafin Hausa ya nufi Kogin Jama'are. Da rani za ki iya ganin rairayi da 'yan kududdufai, yaro ya ce wannan ne kogin? Ki ce masa ya tambayi mutanen gari abin da ya faru a daminar 2022, lokacin da ambaliya ta cinye gonaki ta rushe gidaje a Kafin Hausa da Auyo da Haɗeja da Ringim, ta kuma yanke hanyoyi. Masu ba da labarin suna nan da ransu, wasu har yanzu ba su gama mayar da abin da suka rasa ba. In kun je da tsarabar sutura ko sabulu, ba za ta rasa mai buƙata ba.

Auyo: ruwa mai rai, ruwa mai rigima

Tsakanin Kafin Hausa da Haɗeja ƙasar Auyo take, tsohuwar masarauta ce da ta riga jihadi, har tana da harshenta na Auyakanci wanda yanzu babu mai magana da shi. Wannan kaɗai darasi ne ga uwar da 'ya'yanta suka fara jin nauyin Hausa a bakinsu.

A nan ne za ku ga amsar tambayar da kika yi musu a gida. Magudanan ruwa sun ratsa fili iya ganinki, shinkafa da alkama da albasa da tumatir, injinan ban-ruwa na ta ƙugi. Wannan shi ne aikin noman rani na kwarin Haɗeja, wanda aka gyara aka ƙaddamar a farkon 2023.

Sai dai ki gaya musu ɗaya gefen labarin. A da, kogin nan kan cika da damina ya malala cikin fadamu, ya janye da rani. In ya janye, manomi ya shuka a danshin da ya bari, makiyayi ya samu ciyawa, masunci ya kama kifin da ya hayayyafa a cikin malalar. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, sai tsarin ya sauya. Malalar damina ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana kaɗan-kaɗan har cikin rani. Wannan ne ya yi wa ciyawar kacala daɗi. Ta fi mutum tsawo, ta toshe hanyoyin ruwa, ta mamaye gonaki. Inda ake son ruwa bai isa ba, inda ba a so ya kwanta. Cikinta kuma tsuntsayen jan-baki ke kwana, da safe su tashi kamar hayaƙi su sauka a kan shinkafa. In kun ga yara a bakin gona suna kaɗa gwangwani suna ihu, ba wasa suke ba, abincin gidansu suke karewa.

Ruwan da muke buɗe famfo mu samu a Kano, da wanda ake noman Kadawa da shi, da wanda manomin Auyo ke jira, duk ruwa ɗaya ne. Wanda ya tsira kuma shi ke wucewa ta Gashuwa ya zama Kogin Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Yaron da ya ga haka da idonsa, da wuya ya sake barin famfo a buɗe.

Gargaɗi ɗaya a nan: komai magiyar da za su yi, kada ki bar su su shiga ruwan kwance. Tsargiya a irinsa ake ɗauka, alamarta jini a fitsari bayan makonni. In kuma za a shiga kwalekwale, a tabbatar bai yi lodi ba, kuma ba da yamma lis ba.

Haɗeja

Ku yi ƙoƙari ku shiga Haɗeja da la'asar. Gari ne da ya san kansa. Sarki Buhari, wanda ya yi zamani a tsakiyar ƙarni na 19, ya bijire wa Sakkwato ya kuma tsaya da ƙafarsa har ƙarshen ransa. A watan Afrilu na 1906 kuma, bayan Kano da Sakkwato sun faɗa hannun Turawa da shekara uku, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka gwabza a cikin gari, ya rasu tare da jarumansa da dama. Shi ne ake kira Mai Shahada. Ku je ƙofar fada, ku nemi wani dattijo ya ba yara labarin da bakinsa. Yadda Bahaɗeje ke faɗinsa daban yake da yadda ake karanta shi a aji.

Da safe sai kasuwar kifi, wadda ta yi suna a duk Arewa. Tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa, kurungu, ɗanye da banda, ana ɗura su a kwali ana lodi zuwa Kudu. Ki sayi banda na tsaraba, amma ki karya ɗaya ki duba cikinsa, ki kuma naɗe shi da kyau, in ba haka ba Fijo za ta yi wata guda tana tuna muku da Haɗeja.

In kuna da kwana na biyu, akwai wurare biyu. Garun Gabas da ke ƙasar Malam Madori, ita ce Biram ta cikin Hausa Bakwai da suke haddacewa a makaranta. Sai dausayin Baturiya a Kirikasamma, inda da sanyi agwagin ruwa ke sauka bayan sun taso tun daga Turai sun ƙetare Sahara, su tarar da dinya da kirinjijiya da zalɓe na gida. Hanyar can akwai rairayi, a nan ne tsohuwar motar ke nuna abin da aka san ta da shi. Ku nemi ɗan gari ya raka ku. Da dare kuma gidan sauro dole ne, ko da sanyi ake yi, domin ƙasar ruwa ce.

Hanyar dawowa

Ku fito da wuri ku biyo hanyar Gujungu, wadda ke shiga Kano ta Yankaba. In Lahadi ce kasuwar Gujungu na ci, a yi haƙuri da cunkoso. A kan wannan hanya garin Majiya yake, a ƙaramar hukumar Taura, inda a watan Oktoba na 2024 tankar mai ta faɗi da dare, jama'a suka taru ɗibar fetur, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka rasu, da yawansu matasa. In kun iso, ku yi musu addu'a. Sannan ki juya ki kalli 'ya'yanki maza ki gaya musu dalla-dalla: duk inda tanka ta faɗi, gudu ake yi, ba a matsawa ko don kallo ko don ɗaukar hoto.

Batun kuɗi kuwa, ba zan ɓoye miki ba, tsohuwar mota na shan mai, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya san yadda lita take. Dabarar ita ce gida biyu su haɗa, ke da 'yar'uwarki ko matar ƙanin maigida, ku raba kuɗin mai, amma kada a ɗauki fiye da adadin kujeru. Ku yi guzurin dambun nama da soyayyar doya da ruwan sha mai yawa, da jarka ɗaya daban ta lagireto. Ku nemi dangi ko abokan arziki da za ku sauka wurinsu, zumunci dai a ƙafa yake. Wayoyin yara kuma ki tattara su a jakarki tun daga Mariri, a bar guda ɗaya ta ɗaukar hoto.

In babu Fijo a danginku, kowace mota mai lafiya za ta kai ku, in dai za a sauke gilas a kuma yarda a tsaya. Dattawan da suka san kogin nan kafin a yi Tiga suna ta raguwa, motocin ma haka, yaran kuma ba za su daɗe suna yarda su bi ki ba.

'Yan'uwa na Kafin Hausa da Auyo da Haɗeja da ke karanta wannan, ku gaya mana a ƙasa halin da hanyoyin ke ciki a bana, da inda ya kamata baƙuwa mai yara ta tsaya. Wadda kuma aka kai ta ɗaki a 504, muna jiran labarinta. Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, ya raya mana zuri'a.